Darasi: Halittar Biri da Zamansa Cikin 'Yan Uwansa

Duk wanda ya taɓa noma a bakin daji ya san ranar da birai suka gano masararsa ta yi goyo. Ba sa zuwa da hayaniya. Wani zai ɗare kan kanya ko tsamiyar da ke gefen gona yana kallon hanya, sauran su sulale cikin kunya, su ɓalle wannan goyo su gatsa su yar, su ɓalle wancan. Kafin mai gona ya iso da majajjawa sun cika kumatu sun haye dutse. Kalma ɗaya ce a bakin manomi ran nan, ɓarna, kuma yana da gaskiya, don gumin wata uku ne ya salwanta.

Mutanen birni kuwa wani birin suka sani, na hannun masu wasa: igiya a ƙugu, 'yar riga a jiki, ana kaɗa masa ganga yana tsalle a bakin kasuwa. Na farkon da 'yan uwansa yake, na biyun shi kaɗai ne. A wannan darasi za mu ga cewa wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar dabbar nan, domin kusan duk abin da biri ya iya, a cikin garke ya koye shi, kuma don zaman garke yake yin sa.

Wane ne biri?

Masana halittu sun haɗa biri da wasu dabbobi a rukuni guda saboda ginin jikinsu: hannu mai riƙe abu, idanu biyu a gaban fuska, da ƙwaƙwalwa babba idan aka gwada ta da girman jiki. Ta fuskar ginin jiki, mutum ma a wannan rukuni suka sa shi, kuma Bahaushe bai jira masana ba kafin ya ce biri ya yi kama da mutum.

Akwai wani ruɗani da ya kamata mu kawar tun yanzu. Muna cewa gwaggon biri ga bika, mai dogon baki kamar na kare, muna kuma faɗin haka ga gorila da cimfanzi. Masana sun raba su, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a duba wutsiya. Kusan kowane biri yana da ita, doguwa ko gajera. Gorila da cimfanzi da orangutan ba su da ita ko kaɗan, ƙirjinsu ya fi faɗi, ƙwaƙwalwarsu ta fi girma. Nijeriya tana da biyu daga cikinsu: cimfanzi a dajin Gashaka Gumti, da wani nau'in gorila a tsaunukan iyakar jihar Kuros Riba da Kamaru, wanda adadinsa bai wuce 300 ba a duniya. Amma darasinmu a kan masu wutsiya yake.

Birai sun haura nau'i 250, sun kuma kasu gida biyu. Gidan farko na Afirka da Asiya ne. Ƙofofin hancinsu suna kusa da juna, suna duban ƙasa, haƙoransu 32 kamar na baligin mutum. Gida na biyu na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, masu faffaɗan hanci da ƙofofinsa ke duban gefe, yawancinsu da haƙora 36. A wannan gida ne kawai ake samun birin da ke naɗe reshe da wutsiya ya yi lilo, hannayensa biyu suna tsinkar 'ya'yan itace. Babu birin Afirka ko ɗaya da ke iya haka, ko da kun gani a zanen littafin yara. Mafi ƙanƙanta cikin birai yana dajin Amazon, nauyinsa bai wuce giram 100 da ɗan ɗoriya ba, zai zauna a tafin hannu. Mafi girma shi ne mandiril na dazuzzukan kudancin Kamaru da Gabon, mai ja da shuɗin fuska, wanda namijinsa kan haura kilo 30.

Jikin da aka gina don neman abinci

Ku dubi hannunku. Yatsu biyar, farce mai faɗi, babban yatsa da ke iya taɓa sauran, da zanen da ake dangwalawa ranar zaɓe. Bika yana da waɗannan duka. Da wannan hannu yake ɓare gyaɗa, ya tono saiwa, ya ɗaga dutse ya kama kunama, ya kwance ɗaurin buhu. Ƙafarsa ma riƙo take yi, don babban yatsanta a ware yake kamar na hannu.

Idanu biyu a gaba suna ba shi damar auna nisa, abin da mai tsalle daga reshe zuwa reshe ba zai rayu ba sai da shi. Biran Afirka da Asiya suna ganin launi kamar yadda muke gani, suna bambance ja da kore. Shi ya sa ɓaure nunanne ba ya ɓuya musu cikin ganye.

Yawancin biran da muka sani suna da jaka a cikin kowane kunci. Idan biri ya samu abinci a wuri mai haɗari, ko kusa da wanda ya fi shi ƙarfi, ba ya tsayawa tauna. Cusawa yake yi a jakar, ya gudu inda ya aminta, sannan ya turo da bayan hannu ya ci a tsanake. Wannan ne sirrin saurin da manomi ke mamaki. A mazaunansu kuma akwai kanta mai kauri mara gashi, wadda ke ba su damar kwana a zaune kan siririn reshe ko gefen dutse, inda damisa ba za ta iso cikin sauƙi ba.

Wani dangi na biran Afirka, kolobas, ya bi wata hanya daban. Ganye ne cimarsa, don haka cikinsa ɗaki-ɗaki ne, kusan irin na dabbobi masu tuƙa, da ƙwayoyin halitta masu narkar da ganyen. Ba shi da jakar kunci, babban yatsan hannunsa kuma ɗan guntu ne ko babu. Mai baƙi da fari, da doguwar geza a gefen jiki, yana nan a Gashaka Gumti.

Uku da muka fi sani

Jan biri ɗan fili ne. Daga Senegal har Habasha ana samunsa a ƙasar ciyawa da ƙaya, inda itatuwa suka yi nisa da juna. Wanda ba shi da itacen hawa kusa dole ya iya gudu, kuma jan biri yana kaiwa kilomita 55 a awa, babu birin da ya kai shi a duniya. Ƙafafunsa dogaye ne, ƙugunsa siriri. Yana cin ƙaro da fara da 'ya'yan itace da ƙwai. A yawancin shekara garkensa mata ne da 'ya'ya da babban namiji guda, wanda ya kusa ninka mace nauyi. Matan ke zaɓen inda za a nufa. Shi kuwa yakan ware gefe, ya hau suri ko itace yana dube-dube, in ya hango maƙiyi ya yi ta tsalle a fili don a gan shi, matan da 'ya'ya su ɓace cikin ciyawa.

Kirka ya fi son bakin rafi da kurmi. Bayansa toka-toka ne da ɗan kore, fuskarsa baƙa, da farin gashi a goshi. Ya fi jan biri sabo da mutane, shi ne mai shiga lambun mangwaro da ayaba.

Bika shi ne babba. Garkensa kan kai daga 15 zuwa fiye da 100, maza da yawa da mata da yawa. Fiƙoƙin babban namiji dogaye ne ƙwarai, kuma hammar da yake yi a gaban abokin gaba nuna makami ce. Ana samunsa a Yankari da dajin Kainji, a gandun dajin W na Nijar, a Mole ta Gana, a Waza ta Kamaru, har a duwatsun Azbin cikin Sahara akwai wasu da suka rage a keɓe. Wanda ya je wanka a Wikki da ke Yankari ya san yadda suke zagaya ɗakunan baƙi suna jiran a bar taga a buɗe. Mutane ne suka koya musu haka, da miƙa musu abinci da barin shara a fili.

Zaman garke

A nan za mu daɗe, don nan ne ainihin darasin.

Macen bika tana ɗaukar ciki wata 6, ta haifi ɗa guda. Jaririn baƙi ne wuluk, da jar fuska da jajayen kunnuwa, kuma tun ranar farko yana damƙe gashin cikin uwarsa da hannu da ƙafa, tana tafiya yana liƙe. Bayan 'yan watanni ya koma bayanta, ya zauna kamar mahayin doki. Yakan haura shekara kafin yaye, ya kuma ƙara wasu shekaru kafin ya balaga. Ɗan akuya a ranar haihuwa yake miƙewa, cikin 'yan makonni ya fara cin ciyawa. Me ya sa ɗan biri yake daɗewa haka? Saboda abin da zai koya yana da yawa: wane ɗan itace ake ci, wanne ke kisa, ina ruwa yake da rani, wa ake kauce wa a hanya, wa ake kira in an shiga uku.

Idan 'ya'ya sun girma, matan suna zama a garken da aka haife su har mutuwa, mazan kuma su fita su nemi wani garke. Wannan yana hana barbara tsakanin dangi na kusa. Ke nan ginshiƙin garken bika mata ne: kaka, 'ya'yanta, jikokinta. Kowane gida yana da matsayinsa, kuma 'ya tana gadon matsayin uwarta. Ƙaramar 'yar babban gida za ta iya tayar da babbar mace ta ƙaramin gida daga inuwa, don kowa ya san su wa za su taso in aka taɓa ta. Namiji kuwa ba ya gadon komai. Da ƙarfi da dabara yake hawa, in tsufa ya zo ya sauko. Baƙon namiji mai wayo ba da faɗa yake fara shiga garke ba, yakan samu wata mace ya riƙa zama kusa da ita, yana kare ɗanta, har a saba da shi.

Abin da ke ɗaure wannan zama shi ne tsintar jiki. Za ku ga biri ya kwanta, wani yana buɗa gashinsa da yatsu yana cire kaska da datti. Tsafta ce, amma ta wuce tsafta. Wanda ake wa tsinta hankalinsa yana kwanciya, bugun zuciyarsa ya ragu. Uwa tana yi wa 'ya, ƙawa tana yi wa ƙawa, wadda ke son a bar ta ta taɓa sabon jariri sai ta fara yi wa mai jego. Bayan faɗa ma da ita ake sulhu. A Amboseli ta ƙasar Kenya, Jeanne Altmann da mijinta Stuart Altmann sun fara bin garkunan bika a 1971, aikin da ake ci gaba da shi har yau, an san kowace dabba da uwarta da kakarta. A 2003 Joan Silk da Susan Alberts da Jeanne Altmann suka fitar da abin da bayanan shekaru masu yawa suka nuna: matan da suka fi cuɗanya da 'yan uwa, 'ya'yansu sun fi tsallake shekarar farko da rai. A ganina, cikin duk abin da aka gano game da biri babu wanda ya kai wannan nauyi. Zumunci a wurinsa maganar rai da mutuwa ce.

An kuma gwada akasin haka, ta hanyar da ba ta da daɗin ji. A shekarun 1950, Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya raba jariran birai da iyayensu, ya ba su uwar ƙarya iri biyu: ɗaya ta waya mai kwalbar madara, ɗaya mai laushin tsumma ba madara. Jariran sukan je su sha a wurin ta waya su dawo su ƙanƙame ta tsumma, nan suke wuni, nan suke gudowa in sun tsorata. Waɗanda aka rena su kaɗai kuwa sun taso a birkice, suna jijjiga jiki, suna cizon kansu, ba su san yadda ake zama da ɗan uwa ba. Zalunci ne aka yi wa dabbobin nan, amma abin da ya fito fili ba ya musuntuwa.

Kukan da ke da ma'ana

Kirka yana da ɗan uwa na kusa a gabashin Afirka. A 1980, Robert Seyfarth da Dorothy Cheney da Peter Marler suka bayyana wani gwaji da suka yi da shi a Amboseli. An riga an lura cewa kukan da yake yi in ya ga damisa daban ne da na gaggafa, daban kuma da na maciji. Sai suka ɗauki muryoyin a rikoda, suka ɓoye lasifika a ciyawa, suka kunna a lokacin da babu wani maƙiyi kusa. Da aka sa kukan damisa, birai suka ruga kan itace. Da aka sa na gaggafa, suka ɗaga kai sama, suka faɗa cikin duhuwa. Da aka sa na maciji, suka miƙe kan ƙafa biyu suna duban ƙasa. Ba su ga komai ba, murya kawai suka ji, kuma kowace murya ta sa su yin abin da ya dace da wannan maƙiyin. 'Yan ƙanana sukan yi kuskure, su yi kukan gaggafa don tsuntsun da ba ya cutarwa, har ganyen da ke faɗowa. Sannu a hankali suke daidaitawa.

A gida Nijeriya ma an gano makamancin wannan. A dajin Gashaka Gumti, tsakanin jihohin Taraba da Adamawa, akwai wani baƙin biri mai farin tabo a hanci. Namijinsa yana da manyan kuka biyu. Jerin ɗaya yakan biyo bayan ganin gaggafa, ɗayan ana jin sa a lokacin tashin hankali irin na damisa. A 2006 Kate Arnold da Klaus Zuberbühler suka nuna cewa idan ya jera su biyun a wani tsari, ma'anar ta canza, garke ya tashi ya kama hanya. Wannan bai kai harshe irin namu ba, nesa ba kusa ba. Amma haɗa sauti biyu a fitar da saƙo na uku abu ne da ba a zaci dabba da shi ba.

Koyo daga juna ma yana haifar da abin da za a iya kira al'ada. A tsibirin Koshima na Japan, masu bincike suna zuba wa birai dankali a bakin teku. A 1953 wata 'yar shekara ɗaya da rabi da suka sa wa suna Imo ta fara kai nata ruwa tana wanke yashi. Uwarta da abokan wasanta suka ɗauka, abin ya bazu cikin shekaru, tsofaffin maza ne akasari suka tsaya kan tsohuwar hanya. A Barazil akwai biran da ke ɗora ƙwallo mai tauri kan faffaɗan dutse su fasa da wani dutsen, ƙanana suna zaune suna kallo, kuma sai sun yi shekaru kafin su ƙware.

Tsakaninmu da su

Mu koma gona. Wanda ya fahimci abin da ya gabata zai gane dalilin da mutum-mutumi ba ya daɗewa yana aiki: dabbar da ke lura haka, kwana kaɗan za ta gane ba ya motsi. Ganga da gwangwani ma in kullum a wuri ɗaya ne, a lokaci ɗaya, za su saba. Abin da ya fi tasiri shi ne gadi na gaske, mutum a tsaye, da kare in akwai, musamman tun daga goyo har girbi. Bika ya fi shakkar babban mutum namiji a kan mata da yara, don haka tura yaro shi kaɗai jiran gona haɗari ne gare shi, ga kuma makarantar da ya rasa. Maƙwabta su haɗa kai su yi karɓa-karɓa. Gonar da ke manne da daji ita ke fara shan ɓarna, don haka gefen nan ya fi dacewa da abin da biri bai damu da shi ba, kamar barkono.

Kada kuma mu manta da abin da suke mana. Biri yana cin kanya da ɗinya da ɓaure da tsamiya, ya yi tafiya mai nisa ya kasayar da irin tare da takinsa. Yawancin shigarsa gona ma daga baya ne, bayan an sare waɗannan itatuwa don gawayi da itacen girki.

Kusancin jikinmu da nasu yana da amfani, yana da haɗari. Matan da ke zuwa awon ciki sun san ana duba jini a rubuta Rh. Haruffan nan daga sunan wani birin Indiya ne, resus, wanda Karl Landsteiner da Alexander Wiener suka yi aiki da jininsa suka bayyana sakamakon a 1940. Sanin wannan ya ceci jarirai masu yawa da jininsu bai dace da na uwa ba. Haɗarin kuwa shi ne cutar da ta kama su tana iya kama mu. Ƙwayar shawara tana zagayawa tsakanin birai da sauron daji, sauron ya ciji manomi ko maharbi ko mai yawon buɗe ido, shi kuma ya kawo ta gari. Haka aka gani a yankin Alƙaleri na jihar Bauchi a 2019. Kashe birai ba ya maganin wannan, allurar rigakafi ce magani, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ƙyandar biri kuwa sunan ne ya bi shi, don a jikin biran wani ɗakin bincike a Denmak aka fara gano ta a 1958. Masana sun fi zargin ƙananan dabbobi dangin ɓera da kurege da ɗaukar ta a daji. Duk wanda biri ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na kamar minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Mushen biri kuma ba abin taɓawa ba ne.

Saura birin igiya. Kun ji yadda jariri ke damƙe cikin uwarsa, kun ji yadda dangi ke tasowa in an taɓa ɗayansu. Uwar biri ba ta sakin ɗanta don an roƙe ta, shi ya sa sau da yawa sai an harbe ta ake ɓamɓare shi daga jikinta. Yana ƙarami abin sha'awa ne, ana ba shi ayaba ana dariya. In ya balaga fiƙoƙi suka fito ya fara cizo, sai a gajarta igiya, ko a karya haƙoran. Jijjigar da za ku ga yana yi a gindin turke, da cizon hannunsa, irin wadda aka gani ce a ɗakin Harlow. Mai da shi daji ma ba ya yiwuwa cikin sauƙi, don bai san abin da ake ci ba, bai san kukan damisa ba, kuma babu garken da ya san shi. Bika kan rayu shekara 25 ko fiye. Wanda ya sayi jariri a bakin hanya, ya ba maharbi dalilin komawa daji gobe.

Aikin yi

Ku zauna uku-uku. Kowa ya faɗi irin biran da ake gani a yankinsu, da sunan da ake kiran su, da ko sun ƙaru ko sun ragu tun yana yaro, da abin da ya faru da itatuwan wurin a tsakanin. Sannan kowa ya rubuta layi biyar a kan wannan tambaya: idan garken bika ya dami gonakin ƙauyenku bana, wane shiri za ku kai wa mai unguwa, kuma wane abu daga darasin nan ya sa kuka zaɓe shi?